Jos Bayan Fita Takaba

Matar da ba ta taɓa yin takaba a bazarar Kano ba, da wuya ta gane dalilin da ya sa ban yi wa Yaya gardama ba da ya ce in taho Jos. Wata huɗu da kwana goma idona bai san komai ba sai bango da labule da simintin tsakar gida, wanda ke shan rana wuni guda ya riƙa amayo ta har bayan lisha. Gidanmu ko zogale babu. Da na fita, 'yan zaman taya ni suka watse, kowa ya kama gabansa, sai ga wayar Yaya: "Auta, haɗa kayanki ki taho ki sha iska. Mu nan tuni ruwa ya sauka." Watan Mayu ne. Mu a Kano sai dai a ga hadari ya taso da la'asar, iska ta kwashe shi, a kwana ana fifita.

Motar ta bi da mu ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, sannan muka faɗa dajin Falgore. Duk wanda ya saba bin hanyar nan ya san yadda mota ke yin tsit a wurin: mai hira ya kama bakinsa, mai carbi ya ciro abinsa, direba ya ƙara wuta. Ni ma na yi addu'ar da zan yi, amma hankalina yana waje. Doka da marke da kaɗanya sun jeru har inda ido ya ƙare, wasu sun yi sabon toho jaja-jaja, wasu sun riga sun yi kore shar. Na daɗe ban kalli abu mai nisa ba, har idona ya riƙa yi mini yaji.

Daga Jengre mota ta fara hawa, kunnena ya toshe ya buɗe, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta jawo mayafi ta rufe jikanta. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, kuma duk sama da mutum ya yi, iska ƙara sanyi take. Ruwan da garin ke samu a shekara yakan kai wajen milimita 1,400, yana farawa tun Afrilu, lokacin da mu muke tsakiyar ƙuna. Gawo da kuka da na saba gani a gonakinmu sun ja baya. Abin da ya maye gurbinsu shi ne duwatsu, manya-manya, wani a kan wani, sai ka rantse da gangan aka ɗora su, da shingen ƙerana da manoman ƙasar ke kewaye gonaki da gidaje da shi. Tsohuwar ta gargaɗe ni kada in kuskura in taɓa: ruwansa fari ne, in ya shiga ido sai an sha wuya.

Mun sauka a Farar Gada cikin hayaniyar 'yan gwari, buhunan kabeji da karas da dankalin Turawa ana ta lodi zuwa Kudu. Daren nan aka yi ruwa da ƙanƙara. Kwanon rufi ya ɗauki ƙara har ba ma jin maganar juna, yaran Yaya suka fita da kofuna suna tsinta, uwarsu na yi musu tsawa. Na kwana da bargo a watan Mayu, na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin maigidana ya kwanta jinya.

A tsakar gidan Yaya akwai mangwaro ɗaya da fiya ɗaya, ba wasu manya ba. Kwanakin farko ban je ko'ina ba. In an idar da asuba in shimfiɗa tabarma a gindin fiyar, matar Yaya ta kawo kunun acca, in zauna har hantsi. Ba karatu nake ba, ba tunani nake ba. Ganye nake kallo kawai.

Yaya ne ya gaji da ganina a wuri ɗaya. Wata Lahadi ya ce in shirya, zai kai ni in ga inda kakanmu ya ci wuya. Kakanmu na wajen uba ya yi aikin kuza a nan kafin ya koma Kano, kuma tun muna yara muke jin labarin sanyin da ya sha. Muka nufi wajen Rayfield da Bukuru. Nan ne na fara ganin tafkunan nan da ake ɗaukar hoto a bakinsu, ruwa kwance luf, wani kore wani shuɗi-shuɗi, ga tsibin jar ƙasa a gefe. Ba Allah ne ya haƙa su haka ba, ramukan kuza ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara tonon ƙasar nan, a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya don kwasar abin da aka tono. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai aka juyo kan Jos gaba ɗaya, aka riƙa ɗibar mutane na tilas daga lardunan Arewa ana kawo su haƙa. Mutanen da suka taso a zafi, aka zube su a kan tudu babu bargo babu isasshen abinci. Da yawa ba su koma gida ba. Da kasuwar kuza ta faɗi, kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, suka bar wa masu ƙasa ramuka. Ruwan sama ya cika su. Yaya ya ce kada kyansu ya ruɗe ni, wasu zurfinsu ya wuce misali, kuma sun ci yara da shanu ba adadi.

A kan tsibin ƙasar nan da aka yasar aka daddasa itacen turare, wanda asalinsa daga Ostireliya aka kawo shi, domin shi ne ya yarda ya tsira inda ƙasa ta mutu. Na tsaya a gindin wani na ƙare masa kallo. Dogo ne siriri, ɓawonsa na saɓulewa da kansa dogaye-dogaye, yana barin jiki sumul, nan fari, nan toka-toka, nan ruwan ƙasa. Ganyensa ba ya shimfiɗuwa ya tari rana, rataye yake yana kallon ƙasa, shi ya sa inuwarsa take kamar rariya, rana na zubowa ta ko'ina. Na tsinki ɗaya na murje a tafin hannu, ƙamshin ya bugi hancina har cikin kai, irin na man da ake shafa wa yaro in mura ta kama shi. Mutanen Jos da shi suke sirace. In iska ta kaɗa, dukan jerin sai ya ɗauki wani shuu mai tsawo, kai ka ce ruwa ne ke tahowa.

Ba zan ce itacen turare ya kwanta mini a rai gaba ɗaya ba. Ƙarƙashinsa fayau yake, ciyawa ma da ƙyar take fitowa, ga shi da shan ruwa, tsuntsu kuma bai cika zama a kansa ba tunda ba abin da zai ci. Manomi ba zai so shi a tsakiyar gona yadda yake son gawo ba. Amma wanda ya rufa wa ƙasa asiri lokacin da kowa ya guje ta, ba a yi masa gori. Da shi ake samun sandunan gini da itacen girki, kuma kowane ɗaure da aka saro daga jikinsa, wata ɗorawa ce ko wani maɗaci ya tsira daga gatari.

Fitar da ta fi zauna mini ita ce wadda na yi da ɗan Yaya na fari, wanda ya ci sunan mahaifinmu, shi ya sa nake ce masa Babana. Yana karatun halittu a Jami'ar Jos, kuma ya kamu da son tsuntsaye har gidan na yi masa dariya. Ya ce, "Gwaggo, itacen da kika gani jiya duk dashe ne. Bari in nemo izini in kai ki ki ga yadda ƙasar nan take tun asali."

Muka fita da duku-duku a Keke Napep, muka bar gari ta gabas. Duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, suna lulluɓe da hazo. Wajen kilomita 15 daga Jos akwai ƙauyen Laminga, a nan dajin Amurum yake. Ba wani ƙaton daji ba ne, bai wuce hekta 300 ba, amma an ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a cikinsa, kuma tun farkon shekarun 2000 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis a wurin, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban ke zuwa karatu. Babana ya ce da na zo da sanyi, da na tarar da ƙananan tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi rani a nan. Ana kama su da raga, a auna, a sa musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa, a sake su. Yanzu sun koma.

Abin da ya tsare dajin nan tun kafin zuwan masu bincike shi ne mutanen Laminga da kansu. Wurin al'adarsu ne tun kaka da kakanni, ba a shiga a yi sara yadda aka ga dama. Abin da suka yi imani da shi ba nawa ba ne, amma na ga amfanin hanin da idona: daga waje gonaki ne da fili, kana tsallaka iyaka sai duhuwa. Mu ma ai haka ne. Tsofaffin tsamiyoyi da kukokin da suka rage a garuruwanmu, yawancinsu tsoron iskokai ne ya hana a sare su, ba son inuwa ba. Da muka waye muka daina tsoron, sai muka manta ba mu sa wata doka a madadinsa ba.

Dajin kashi-kashi ne. Akwai sarari mai ciyawa da gajerun itatuwa, akwai duwatsu, sannan akwai kurmi da ya bi bakin rafi. Muna gangarawa kurmin, sanyi ya canza, ƙasa ta yi laushi da ruɓaɓɓen ganye, haske ya koma ɗigo-ɗigo. Kazar dutse na ta kiran 'yan uwanta daga sama, birai suka ratsa ta kan rassa ba su ko kula mu ba. Wani itace dangin ɓaure ya tsayar da ni. A kan dutse tsurarsa ya tsiro, inda ko ƙasa cikin cokali babu. Saiwoyinsa farare sun malalo ta jikin dutsen, wata kaurin cinya, wata kaurin yatsa, sun bi kowace tsaga suna laluben ƙasa, har ɗaya ta shige wata kafa ta buɗa dutsen gida biyu. Na sa hannu a cikin tsagar, da damshi, da ɗan gansakuka, tururuwa na hawa da sauka a kan saiwar. Babana ya ce mai yiwuwa tsuntsu ne ya kasayar da irin a wurin, shekaru masu yawa da suka wuce.

Ya bar ni zaune a nan ya tafi neman wani tsuntsu. To, a nan ne kuka ya zo mini.

Mai karatu zai ce ai na sha kuka a gida. Na sha, amma kukan gidan makoki daban ne. Kullum da ido a kanki. Kin fara ke nan wata za ta dafa ki ta ce, "Haƙuri za ki yi, addu'a yake buƙata." Gaskiya suka faɗa, kuma Allah Ya saka musu, don da ba su zo ba da abin ya fi haka muni. Sai dai kalmar haƙurin nan, in an maimaita miki ita safe da yamma wata da watanni, takan zama umarni: ki shanye, ki gyara fuska, ki amsa gaisuwa. A gindin itacen nan babu mai ce mini in yi haƙuri, babu mai jiran in amsa. Rafi na gudunsa, ganye na faɗowa, kowa na sha'aninsa. Na yi mai isata, na yi wa mamacin addu'a da bakina ba don wani ya tuna mini ba, na gangara na wanke fuska. Ruwan sanyi ƙarara, har haƙorana suka amsa.

Can sai ga Babana yana yafito ni da hannu, ɗaya hannun a kan leɓe. Na lallaɓa. Ya miƙo mini madubin hangen nesa ya nuna gindin wani dutse. Da ƙyar na samo su: 'yan tsuntsaye biyu, kowanne bai kai babban yatsa da rabi ba, suna tsince-tsincen ƙwayar ciyawa. Namijin bayansa da ƙirjinsa ja wur, kansa toka-toka, bakinsa shuɗi-shuɗi. Macen ta fi shi dusashewa. Ya raɗa mini cewa sai a 1998 masana suka tabbatar wannan jinsi ne na daban da ba a taɓa rubuta shi ba, kuma a tudun Jos aka gano shi. Akwai wani baƙin tsuntsu ɗan ƙarami a yankin da ba ya yin sheƙa. Macensa a sheƙar wannan jan take saka ƙwai, su ƙyanƙyashe su rena mata, ɗan kuma in ya girma sai ya riƙa rera kukan waɗanda suka rene shi. Na ce, "Babana, ashe har a tsuntsaye akwai ɗan riƙo." Ya yi dariya har suka tashi.

Da muka hau kan wani dutse muna cin ƙosan da muka taho da shi, ya nuna mini gabas da yamma ya ce ruwan tudun nan rabuwa yake. Kogin Kaduna daga nan ya samo asali, haka Gongola, haka kogin Jama'are da ke bi ta ƙasar Bauci ya nufi tafkin Cadi. Mu da ke can ƙasa muna noman rani a fadamu, ba mu cika tunanin cewa saran da ake yi a bakin rafukan Jos ya shafe mu ba.

Sauran wuraren na bi su ne sama-sama. Gidan tarihin da aka buɗe a 1952 yana da gumakan yumɓu na Nok, waɗanda su ma a ramin kuza aka fara tono su, kuma a harabarsa na ga kwaikwayon badalar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Bakanuwa ta yi tafiyar awowi ta zo ta tarar da ganuwar garinsu a cikin ciyawa. A gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, yara suka ruga wajen dabbobi, ni na tsaya a wani sashe mai dogayen itatuwa masu ganye tsinke-tsinke, irin na ƙasashen sanyi, ina taka busasshen ganyensu mai santsi.

Ba zan ɓoye ba, garin yana da tabo. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin nasa, kuma Yaya yakan lissafa hanyar da zai bi kafin ya tada mota in yamma ta yi. Amma a hanyarmu ta dawowa daga Laminga, wata mata mai sayar da acca ta ga fuskata, ta tambayi Babana ko lafiya, ya gaya mata. Ta ce, "Sannu Mama, ni ma nawa ya tafi." Ta ɗauko 'yar kwalbar man atili ta tura mini a jaka, ta ƙi karɓar ko sisi. Ita ta nuna mini itacen atilin a bayan gidansu, dogo sambal, ya kere duk na kusa da shi, ta kuma koya mini cewa 'ya'yansa a ruwan ɗumi ake jiƙa su. In aka zuba tafasasshe sai su ƙanƙame su ƙi laushi.

Daren da zan taho muna hira, na ce wa Yaya abin na ba ni mamaki: mu da muke da Kurna da Giginyu da Ɗorayi da Durumin Iya da Tsamiyar Boka da Kasuwar Rimi, yau yaro zai iya girma a wasu unguwannin bai san kamannin itacen da ake kiran unguwarsu da shi ba. Duk wanda ya sayi fili, gatari yake fara kira kafin magini. Yaya ya yi shiru, sannan ya kawo hadisin nan da ke cikin Buhari da Muslim, cewa babu Musulmin da zai dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare shi, face ya zame masa sadaka. Ya ce, "Auta, in kina son ki yi wa Malam wani abu da zai daɗe, ga hanya. Ƙofar makarantar allon unguwarku ai rana ce tsagwaronta."

Da safe muka biya wajen masu sayar da dashe a bakin titi. Raina ya biya da fiya, mai lambun ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, kada in cuce ki. Wannan 'yar sanyi ce, bazarar Kano ɗaya za ta gama da ita." Ya zaɓo mini mangwaro mai aure guda biyu, da lemun tsami, da maɗaci ɗaya, ya ce shi wannan ba don ni ba ne, don jikoki ne.

A tasha aka yi ta ta ƙare. Yaron mota ya ce kuɗin kaya zan biya, kuma a but za a sa su, ƙarƙashin buhunan dankali. Na ce sai dai in fasa tafiyar. Da ƙyar aka daidaita na biya rabin kujera, na jera su a tsakanin ƙafafuna, ganyen maɗacin na shafar haɓata. Kafin mu kai Jengre motar ta rabu biyu a kaina: wani dattijo ɗan Doguwa ya dage sai na zuba toka a ramin saboda gara, wani malamin makaranta ya ce toka ƙona saiwa take, taki ruɓaɓɓe kawai zan sa in yi shinge saboda awaki. Direba ya leƙo ta madubi ya ce duk su bar wahalar da kansu, almajirai ne za su tsinke mangwaron tun yana ɗanye. Dattijon ya ce, "To, ai dama don su za a dasa."